Jarabar Latse-latsen Waya: Wa Ke Cin Ribar Daren 'Ya'yanmu?

(Matanin laccar da aka gabatar bayan sallar Isha'i, a wani zama na iyaye da matasa a unguwar Ƙofar Guga, cikin birnin Katsina.)



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu aron lokaci, kuma zai tambaye mu yadda muka ɓatar da shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku iyayena da 'yan'uwana da ƙannena, an nemi in yi magana a kan jarabar kafofin sada zumunta da illar da take yi wa matasa. Kafin in shiga cikin maganar, ina son in gaya muku abin da nake hange daga nan inda nake zaune. A sahun baya, can wajen da hasken fitila bai kai ba, akwai fuskoki da dama da ke haskawa daga ƙasa. Ban faɗi haka don in kunyata kowa ba, domin ni ma tawa wayar ga ta nan a aljihu, kuma tun da aka fara gabatarwa hannuna ya kai mata ziyara sau biyu ba tare da na aike shi ba. Saboda haka wannan nasiha ce daga majinyaci zuwa ga majinyata.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun san cewa wannan al'amari bai daɗe ba. A shekarar 2001 ne wayar salula ta shigo Nijeriya, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki, layi ɗaya kuwa sai mai hannu da shuni. A lokacin waya ta kira ce da saƙo, a gama magana a ajiye. Sa'an nan aka yi yayin 2go da BlackBerry, Facebook ya biyo baya, WhatsApp ya shiga kowane gida, har aka zo ga TikTok wanda ya bazu a duniya daga 2018. Rufe makarantu da aka yi saboda annobar korona a 2020, da yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022, sun bar dubban samari da 'yan mata zaune a gida babu abokin hira sai waya, kuma da yawansu ɗabi'ar da suka ɗauka a wancan zama ba su ajiye ta ba har yau.

Wani zai ce, ai Malam kowane zamani da abin da ake kuka da shi. An yi kuka da gidajen kallo, an yi da kaset ɗin bidiyo, an yi da littattafan soyayya na kasuwar Kano, ga shi kuma duniya ba ta tashi ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai bambanci guda wanda a ganina shi ne kan mas'alar. Duk waɗancan abubuwa suna da ƙarshe. Littafi yana da shafin ƙarshe, kaset yana ƙarewa, mai gidan kallo yana kashe inji ya kori jama'a, talabijin ta gwamnati a da idan dare ya raba sai a sa taken ƙasa a rufe tasha, ko kana so ko ba ka so ka je ka kwanta. Abin da ke hannun 'ya'yanmu yau ba shi da shafin ƙarshe. Kuma ba mantawa aka yi ba a sa masa ba, cire shi aka yi da gangan.

Ku ba ni hankalinku a nan, domin wanda bai fahimci wannan gaɓa ba zai ƙare da dukan yaro alhali bai san da wa yake faɗa ba. Wannan tsari da za ka yi ta ja da yatsa abu yana fitowa bayan abu babu iyaka, wani Ba'amurke mai suna Aza Raskin ake jingina wa ƙirƙirarsa a 2006, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya bayyana nadama a kan lokacin mutane da ƙirƙirar tasa ta cinye. Shi kuwa sirrin da ke sa hannu ya kasa dainawa, masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da saninsa. Wani malaminsu, B. F. Skinner, ya yi gwaji da tantabaru da ɓeraye a cikin akwati: dabba ta taɓa wani maɓalli, ƙwayar abinci ta faɗo. Sai ya lura cewa dabbar ta fi naci, ta fi wuyar dainawa, idan abincin ba kullum yake faɗowa ba, wato wani lokaci a samu, wani lokaci a rasa, kuma ba ta san yaushe ba. A kan wannan ƙa'ida aka gina injin caca, a kanta kuma aka gina abin da muke magana a kai. Bidiyo tara ba su da wani daɗi, na goma ya ba ka dariya, sai zuciya ta ce ƙila na gaba ya fi. Ka sa hoto, ka dawo bayan minti biyar ka ga mutum nawa suka yaba. Wani lokaci uku, wani lokaci hamsin. A bayan fage kuma akwai na'ura mai lissafi da ke auna daƙiƙa nawa ka tsaya a kan kowane abu, ta gane inda zuciyarka ta karkata tun kafin kai ka gane, ta yi ta kawo maka irinsa.

To, don me aka yi duk wannan wahala, alhali ba a karɓi ko kwabo a hannunka ba lokacin da ka buɗe shafi? Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin Meta, mai mallakar Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu kuɗin shiga sama da dala biliyan 130 a shekarar 2023, kuma kusan dukkansu daga talla suka fito. Mai talla kuwa ba abin da yake saye face idon mutane da lokacinsu. Ashe ke nan a wannan kasuwa ɗanka ba mai saye ba ne, shi ne hajar. Duk sa'a ɗaya da ya ƙara a farke, wani ya ƙara riba a wata nahiya. Wannan ba zato ba ne irin na masu ganin makirci a cikin komai. Sean Parker, wanda shi ne shugaban kamfanin Facebook na farko, ya faɗa a bainar jama'a a 2017 cewa tun farko tunaninsu shi ne yadda za su cinye iya abin da za su iya na lokacin mutum da hankalinsa, kuma sun san suna amfani da wani rauni ne na zuciyar ɗan Adam. A 2021 wata ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida, ta kuma ba da shaida a gaban Majalisar Dattawan Amurka, cewa binciken kamfanin da kansa ya nuna Instagram yana ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu da damuwa. A 2023 jihohin Amurka fiye da 40 suka kai kamfanin ƙara a kan cutar da yara. Idan masu ɗaki suna kuka da yoyo, mu da muka shigo fakewa bai kamata mu ce rufin lafiya lau yake ba.

Adalci ya wajaba ko a kan abin da mutum yake suka, saboda haka zan faɗi wani abu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin kwamfuta cikin jerin cututtuka a 2019, amma ba ta yi wa kafofin sada zumunta wannan hukunci ba, kuma masu bincike suna da saɓani: shin waya ce ke jawo damuwa, ko kuwa mai damuwa ne ke gudu ya fake a waya? Mai yiwuwa kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Amma uba ba ya buƙatar jiran ijma'in likitoci kafin ya gane ɗansa ya kamu. Alamomin a fili suke. Ya yi niyyar minti goma ya share sa'a uku. Ya sha alwashin ragewa ya kasa. Caji ya ƙare ko data ta yanke, sai ka ga ransa ya ɓaci kamar an yi masa rasuwa, ana yi masa magana yana harara. Yana ɓoye yawan abin da yake yi. Kuma yana ganin ɓarnar a karatunsa ko sana'arsa, amma bai fasa ba. Duk wanda ya taɓa zama da mai shaye-shaye ya san waɗannan siffofi.

Abu na farko da wannan jaraba take sacewa shi ne dare, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin daga nan sauran ɓarnar take ɓullowa. Na taɓa koyar da wani yaro mai kaifin basira, wanda a shekara guda ya koma kullum kansa na kan benci. Na ɗauka yunwa ce ko ciwo. Da na keɓe shi na ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya, ƙarfe nawa kake barci?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malam, wani lokaci ladan ne ke tuna mini ban kwanta ba." Na tambaye shi abin da ya kalla a daren jiya, ya yi shiru yana tunani, ya kasa kawo abu uku. Wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni: an karɓi darensa sukutum, ba a ba shi ko abin tunawa ba. Likitoci sun ce matashi yana buƙatar barcin sa'a takwas zuwa goma, kuma hasken allon waya a ido da dare yana jinkirta sinadarin da ke kawo barci a jiki, balle kuma abin da ake kallo yana tayar da zuciya. Wanda bai yi barci ba asuba ta wuce shi, darasi ba ya zama a kansa, ransa yana saurin ɓaci, in kuwa ɗan acaba ne ko direba, to rayukan mutane ne a hannun mai gyangyaɗi. Babban jami'in lafiyar jama'a na Amurka na lokacin, Dokta Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a 2023, inda ya kawo binciken da ya nuna cewa matasan da ke wuce sa'a uku a rana a waɗannan kafofi, haɗarin alamomin damuwa da ƙuncin rai yana ninkuwa a kansu. Ku yi lissafi da kanku: sa'a uku a rana ita ce sa'a 1,095 a shekara, wato fiye da kwana 45 cur, dare da rana. Mai sa'a biyar kuwa kwana 76 yake bayarwa. Da wani zai zo ya ce ka ba shi aron ɗanka wata biyu da rabi kowace shekara, ba ka san inda zai kai shi ba, ba ka san abin da zai koya masa ba, ai da sanda za ka bi shi.

Bayan dare sai haƙurin karatu. Ƙwaƙwalwar da ta saba da sabon abu kowace daƙiƙa ashirin, shafi biyu na littafi dutse ne a gare ta. Malaman makarantun boko da na Islamiyya duk suna wannan kuka: yaro yana da wayo, bakinsa ya iya magana a kan kowane batu, amma ba zai iya zama da mas'ala ɗaya har ya ga ƙarshenta ba. Abin kunya ne wannan ya same mu a garin da hasumiyar Gobarau take tsaye, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani, garin da aka buɗe kwalejin nan a 1922 wadda ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Waɗancan mutane da fitilar aci-balbal suka yi karatu, littafi ɗaya yana zagaya hannu goma. Yau ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko na Kwalejin Hassan Usman yana da ɗakin karatun da ya fi na kowane sarki a aljihunsa. Tun da a Ƙofar Guga muke, sai in ce rijiya ta bayar, guga ya hana.

Maganar dukiya ba sai na tsawaita ba. Naira 500 ta data a kullum ita ce 15,000 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama 70,000 a 2024, kuma a farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Yaron da ba shi da sana'a, ina yake samo wannan kuɗi? Wannan tambaya ce da ya kamata ta hana uwa barci, musamman idan 'ya mace ce. Kuma ba mu manta da abin da ya faru a 2024 ba, shekarar da aka yi yayin "mainin", lokacin da manya da yara, har da masu furfura, suka duƙufa suna ƙwanƙwasa allon waya dare da rana a wani wasa mai suna Hamster Kombat, an ce za a fashe da kuɗi. Da ranar rabo ta zo a watan Satumba, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin cajin da suka kashe ba. Tantabarun Skinner aƙalla sun ci hatsi.

Sai mutunci. A wannan kasuwa abin da ya fi jawo ido shi ne abin da ya fi tayar da hankali, don haka mai kunya ba ya samun mabiya, mai ashar da tonon silili shi ne tauraro. Yarinya ta fara da gaisuwar Juma'a, mutum goma suka yaba. Ta ɗan sassauta mayafi, ɗari biyar suka yaba. Wa ya koya mata darasin? Na'ura ce, da samarin da suka danna. Abin da aka ɗora kuwa ba ya goguwa, yana nan yana jiran ranar da za a zo neman aure ko neman aiki. A Kano, a watan Nuwamba na 2022, wata kotun majistare ta yanke wa wasu samari biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi a TikTok a kan gwamnan jihar na lokacin. Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, darasin shi ne abin da aka yi cikin wasa a ɗaki yana iya ƙarewa a gaban alƙali. Mafi muni, mu mutanen jihar nan da muka san zafin ta'addancin 'yan bindiga, mun ga yadda wasunsu suke fitowa a wannan dandali suna baje kuɗi, 'ya'yan mutanen da ake karɓar fansa a hannunsu suna bin su da yabo.

To, mene ne mafita? Na san amsar da ke bakin wasu dattawa: a ƙwace, a fasa, a hana. Mun ga gwajin wannan da idonmu. Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, cikin kwana biyu yara suka koyi hanyar zagayawa, har suna koya wa iyayensu. A watan Satumba na 2021 kuma an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, muka ga yadda ciniki ya tsaya, aika kuɗi ya gagara, mutane suna tafiya mai nisa don kawai su ji muryar 'yan'uwansu. Wannan ya nuna mana cewa waya ta zama kamar wuƙar ɗakin girki, gida ba ya yi sai da ita. Sai dai ba a ba jariri wuƙa, kuma ba a kwana da ita a ƙarƙashin matashi. Ƙasar Sin, inda kamfanin da ya mallaki TikTok ya fito, tun 2021 irin manhajar da suke amfani da ita a gida ta taƙaita wa yara 'yan ƙasa da shekara 14 minti 40 a rana, kuma ba ta buɗe musu daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Ostareliya ta kafa doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi. Mai tuwo ya auna wa ɗansa, mu kuwa mun bar namu da tukunya.

Kafin mu kai ga yaro, sai mu fara da kanmu, domin nan ne gyaran ya fi ɗaci. Uban da ya dawo daga kasuwa ya zauna a tabarma, ɗansa yana ba shi labarin makaranta shi kuwa yana "uhm, uhm" idonsa a kan allo, da wane baki zai yi faɗa gobe? Uwar da ke miƙa wa ɗan shekara biyu waya don ya yi shiru ta samu ta duba ƙungiyar 'yan biki, ita ta ɗora masa harsashin. Mu ma masu wa'azi ba mu tsira ba, kuma gara in faɗa da bakina. Na'urar nan ta gane cewa raddi ya fi darasi kasuwa, sai ga shi ana yanko minti ɗaya daga karatun sa'a biyu, a sa masa take mai zafi, matasa su kwana suna zagin juna a ƙarƙashinsa suna zaton jihadi suke yi. Wanda ya kwana yana jan allo, ko malamai yake kallo, darensa dai ya tafi.

Abin da nake roƙo kaɗan ne, kuma na gwada shi a gidana kafin in kawo muku. A fitar da waya daga ɗakin kwana. A sa wuri ɗaya a gida, kwando ne ko kwali, inda kowa zai ajiye tasa idan ƙarfe goma ta yi, kuma ta maigida ce za ta fara shiga. Makon farko za a sha ɓacin rai, ni ma na sha, amma zuwa na uku za ku ga fuskokin yara sun canja da safe. Yaron da bai gama sakandare ba, ƙaramar waya mai tocila ta ishe shi kira. Ku kuma samari, a cikin saitin kowace babbar waya akwai wurin da ke nuna sa'o'in da ka yi a kan kowace manhaja. Ka buɗe shi yau kai kaɗai, ka kalli lambar, sa'an nan ka kashe duk wata ƙararrawar sanarwa da ba ta kira ba ce, domin ita ce igiyar da ake jawo ka da ita. Wanda kuma abin ya kai shi ga ƙuncin rai mai tsanani, ko ya daina cin abinci, ko yana maganar gajiya da rayuwa, wannan ba na bulala ba ne, a kai shi ga likita.

Sai dai kada mu yaudari kanmu, ramin da aka cire wa abu sai an cike shi da wani. Saurayin da ya gama makaranta shekara uku babu aiki, babu jari, babu filin ƙwallo domin an yanka shi fuloti, idan ka karɓe wayar me ka ba shi? A nan ne nauyin yake kan masu hali na wannan unguwa. Akwai teloli a cikinmu, akwai kafintoci, da masu walda, da masu gyaran ita wayar kanta, akwai kuma waɗanda suka iya kwamfuta har suna ci da ita. Ina roƙon kowane mai sana'a da ke wurin nan ya ɗauki yaro ɗaya, ba lalle ɗansa ba, daga wannan wata. An ajiye takarda a bakin ƙofa wajen masu tsara zama. Mai son ɗauka ya rubuta sunansa da sana'arsa a dama, mai son koyo ya rubuta a hagu, in Allah Ya kai mu zama na gaba za a karanta a haɗa su.

Na ga an miƙo takardun tambayoyi, kuma dare yana yi, ba na son in yi wa'azi a kan barci sa'an nan in hana ku shi. Za mu ɗauki guda biyar.